Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga ɗana Husaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ka yi haƙuri da ni. Na san kana cikin hidimar tafiya, ga takardu ga sallama da mutane, ni kuma na zo na ɗora maka karatun wannan rubutu nawa mai kama da sawun kaza. Na so in kira ka a waya, na ɗauka na ajiye ban san adadi ba. Ka san halina, da na ji muryarka sai in tambayi ko ka ci abinci, in yi maka addu'a, in kashe, abin da ke raina yana nan inda yake. Shi ya sa na nemi takarda. Kawunka Sale zai shiga Kano, ya yi mini alkawarin zai miƙa maka ita hannu da hannu kafin jirginku ya tashi.

Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gidan da ka sauka. Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Mu nan Balan lafiya lau, ruwa yana sauka, gero ya fara ciki. Gidan ne dai ya yi mana faɗi, daga ni sai ɗan'uwanka sai kukan zabi. Amma ba labarin gari zan ba ka ba.

Ranar da ka zauna a bakin ƙofar ɗakina kana ƙoƙarin fahimtar da ni abin da za ka je karantowa, na yi ta gyaɗa kai, ka ɗauka ban gane ba. Na gane, fiye da yadda na nuna. Sunan karatun ne ya ƙi zama a bakina, efijenetik ne ko me, kamar yadda sunan ciwon ɗan'uwanka da likita ya faɗa, sikizofireniya, ya ƙi zama. Ni abin da na sani, ciwo ne da ke sa mutum ya ji muryoyin da babu masu su, ya ga ana binsa alhali ba kowa a bayansa.

Ka ce a jikin kowane ɗan Adam akwai wani rubutu da ya gada daga uwa da uba, kuma naka da na ɗan'uwanka iri ɗaya ne sak, tunda ku tagwayen da ƙwai ɗaya ya rabu biyu ne. Da na ce to in haka ne me ya sa shi ya kamu kai kana tsaye, sai ka ce in ƙaddara malami ɗaya ya rubuta alluna biyu, alƙalami ɗaya, tawada ɗaya. Aka rataye ɗaya a zaure, ɗaya kuma a madafi inda hayaƙi ke bugunsa. Rubutun bai canza ba, amma kunkunniya ta rufe waɗansu layuka, mai karatu ya zo ya tsallake su. Ka ce ana zaton yunwa, da tsoro, da wahalar ƙuruciya, da abin da mutum ya sha ko ya shaƙa, suna iya zama hayaƙin nan. Kuma ka maimaita mini cewa zato ne ake bi, ba a kai ƙarshensa ba, gado yana da nasa kaso babba, kuma babu likitan da zai nuna abu ɗaya ya ce shi ne ya jawo. Na riƙe wannan, ba zan ƙara maka a kan abin da ka faɗa ba. Ƙaddara ta Allah ce, na yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi. Sai dai imani da ƙaddara bai hana mutum ya san inda ya rataye allo ba. Ni na san inda na rataye nawa, kuma gara ka ji daga bakina tun da raina.

Lokacin da nake ɗauke da cikinku, shekarar ba ta yi kyau ba, fari ya kama gero tun bai fidda kai ba. Ina yarinya a babban gida, cikin fari ne, kuma a wurinmu mai cikin fari ba ta nuna tana da shi, balle a gan ta tana neman ƙari. In aka miƙo mini tuwo sai in ɗan taɓa in tura wa yara, in ce na ƙoshi, alhali har jiri nake gani a bakin turmi. Da azumi ya zo, mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya ce mini in sha, Allah ya yi wa mai ciki rangwame. Na san hukuncin sarai, na karanta shi a gaban malaminmu a Toranke tun ban yi aure ba. Amma sai na ji tsoron matan gida su ce amarya raguwa ce, na yi azumina cif, ban sha ko ɗaya ba. Da kuka zo, kai ka fito da ɗan jikinka, shi kuwa da ya riga ka fitowa kamar ɗan tsako, ungozoma ma sai da ta kara kunne a ƙirjinsa kafin ta yarda yana numfashi. Kai ne ka gaya mini daga baya cewa ko a ciki ɗaya ba lallai rabon ya zo daidai ba.

To, ɗana, inda za ka babu wanda ya san irin kawaicinmu. In ka ce ka ƙoshi za su yarda ka ƙoshi. In kana jin yunwa ka ci, in ba ka gane karatu ba ka tambaya, in kaɗaici ya dame ka ka nemi mutum ka gaya masa. Rangwamen da Allah ya yi maka ka karɓa da hannu biyu, kada ka mayar masa don tsoron bakin mutane.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Ranar sunanku tsofaffi suka yi ta muhawara a kan wanda zan ji kunyarsa, tunda ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ga shi ni biyu na haifa lokaci guda. Goggo Delu, yayar mahaifinku, ita ta raba gardama. Ta ce in aka ce yarinyar nan ta ji kunyar duka biyun, wa zai ba su nono, ita da ta tsufa? Kunya ta wanda ya fara fitowa ce. Aka yi dariya, aka tashi a kan haka. Daga ranar kai ne Husaini, ina kiranka, ina yi maka tawai, ina goya ka. Shi kuwa ina shayar da shi fuskata na kallon bango. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan. Da nono ya gaza muku, shi aka fara yayewa tun lokaci bai yi ba, mahaifiyata Iya ta zo ta ɗauke shi zuwa Toranke, ya zama Ɗan Iya. Ita yake kira uwa. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa, har gobe.

Akwai wata rana da ban taɓa ba kowa labarinta ba. Mun je suna Toranke ina riƙe da hannunka, kun fara wayo. Ina shiga gida ya hango ni, ya sheƙo a guje ya kama mini zani, da wata goruba a hannunsa da ya gwaigwiye rabi, yana miƙo mini. Tsakar gida cike da mata, duk ido ya dawo kaina. Na janye zanina a hankali na ce, "Iya, ku zo ku ɗauki ɗanku." Mata suka sa shewa, wata ta ce kai, Rabi akwai kunya, 'yar halak ke nan, ba irin 'yan matan yanzu masu rungumar ɗan fari a kasuwa ba. Husaini, daɗin yabon nan na ji. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, ba janye zanin ba. Sai da muka dawo Balan na buɗe kwanon da aka zubo mana tuwon suna, na tarar da gorubar a ciki.

Ba na cewa al'adar ita ce ciwon. 'Ya'yan fari nawa aka riƙe haka suna nan garau, har da ni kaina, kuma Iya ta so shi kamar ranta. Amma yaron nan yana da abin da sauran 'ya'yan fari ba su da shi: yana ganin wani mai fuskarsa sak a kan cinyata. Bai ga abin da ya raba shi da kai ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa. Inda za ka za a yabe ka, na sani, kana da ƙwaƙwalwa. Duk ranar da ake yabonka, ka ɗan sunkuya ka duba ko akwai mai riƙe da gefen rigarka.

Bayan rasuwar Iya ya dawo gida yana saurayi, baƙo a gidan ubansa. Yana noma, yana gaishe ni daga bakin ƙofa, ina amsawa daga ciki. Kana makaranta a Kano lokacin da abin ya fara. Ya daina zuwa majalisar samari, ya riƙa lulluɓe rediyon mahaifinku da buhu wai maganarsa ake yi a ciki, ya ce akwai masu zama a rumbu suna ƙirga laifinsa. Gari ya rabu. Waɗansu suka ce ai tagwaye ne, dama suna ganin abin da ba a gani, a ƙyale shi. Waɗansu suka ce tsamiyar hanyar gona ce. Waɗansu suka ce abokai ne suka ba shi abin shaƙa a tashar mashin. Ni na riga kowa gani, tun kafin rediyon. Yakan zo ya tsaya a ƙofar ɗakina bayan la'asar, ya daɗe, bakinsa na motsi, ina ganin inuwarsa a kan labule. Maimakon in ce ya shigo, sai in ɗaga murya in ce Malam, wato mahaifinku, yana zaure. Uwa ba ta hira da ɗan fari. Haka damina ta wuce, wata ta zo.

Aka yi ruƙiyya, aka yi rubutu, ba na raina ko ɗaya, ayar Allah waraka ce. Amma daga nan sai aka kai shi wurin wani mai magani can bayan Ajingi, shi kuwa ya sa masa mari a ƙafa. Na je da fura na same shi a gindin bishiya, ƙarfen ya ci masa idon sawu, ƙuda na bi. Ya dube ni da hankalinsa sarai ya ce, "Yaya, ki ce su cire, wallahi ba zan gudu ba." Mai maganin ya ce kada in saurara, ba shi ne ke magana ba. Na ajiye furar na juyo. Sai da ka zo hutu ka ji inda yake, ranar da ka fara ɗaga wa mahaifinku murya kuma ba ka sake ba, ka je ka ɗauko shi a a-daidaita-sahu zuwa Gaya, daga nan asibiti a Kano. Maganin ya kwantar da muryoyin, ko da yake bai kore su duka ba. Ga shi nan yana kiwon awakinsa da zabinsa, hannu na ɗan rawa, barci da nauyi. Ka lura ko a tsakiyar bazara ba ya cire safa? Ba sanyi yake ji ba.

Ka ce a wurin aikinku za a riƙa kawo muku jini da yawun mutane a 'yan kwalabe, ba suna sai lamba. Ban san aikin ba, ba zan koya maka shi ba. Ina dai roƙonka, duk kwalbar da ka ɗauka ka tuna mai ita yana da idon sawu, kuma wataƙila ya taɓa cewa a cire aka ce ba shi ne ke magana ba. Ka kuma ce masu binciken suna neman tagwaye irinku, ɗaya da ciwon ɗaya babu, har ka tambaye ni ko zan yarda wata rana a ɗauki na ɗan'uwanka. Ba ni za ka tambaya ba, ba kuma Kawu Sale ba. Shi za ka tambaya, yana da baki. In ya ce a'a, a'a ce. An yanke masa hukunci a bayan idonsa tun ranar suna, ya isa haka.

Kai ma ban bar ka ba. Tun da aka dawo da shi daga asibiti na sa maka ido, in ka yi shiru in tsorata, in ka yi surutu in tsorata. Ka tuna ranar da na leƙo na gan ka a gindin darbejiya kai kaɗai kana magana, kana dariya, har da nuni da hannu? Ƙwaryar da ke hannuna ta suɓuce, gari ya watse a ƙasa. Ka juyo ka zare ɗan abin nan daga kunnenka ka ce, "Umma, waya nake yi fa." Ka yi dariya, na yi dariya. Sai ka dubi garin da ke ƙasa, ka dube ni, dariyar ta tsaya. Daga ranar na ga kai ma ka fara tsaron kanka. Na ji ka gaya wa abokinka ba za ka yi aure ba sai ka san abin da ke jininka. Ni na shuka maka wannan. Kai da bakinka ka ce rubutu ɗaya ba ya nufin karatu ɗaya, to ka yarda da karatunka mana. Ka yi barci a kan lokaci, ka tsare sallarka, ka nisanci abin da ke juya hankali, in ka ji wani abu da ba ka gane ba ka je wurin likita da wuri ba tare da kunya ba. Bayan wannan ka rayu. Mutum ba ya zama maigadin kansa har ya mutu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da za ka tafi, bayan asuba mai mashin ya tsaya a ƙofar gida, na ce ka leƙa ka yi sallama da ɗan'uwanka. Ka dubi ƙofarsa ka ce barci yake, maganin yana sa shi nauyi, kada a tashe shi, za ka kira. Ba barci yake ba, Husaini. Tun kafin kiran salla ya tashi, ya yi wanka, ya sa shaddar nan da kuka yi iri ɗaya da Sallah. Ya daɗe yana tara maka ƙwan zabi, ya dafa su da kansa, ya zuba a kwano da ɗan ƙullin yaji, wai ka ci a hanya. Yana zaune a bakin gado yana jiran ka ɗaga labule, don shi a ganinsa mai tafiya ne ke zuwa sallama. Sai da ƙarar mashin ta wuce masallaci ya fito da kwanon a hannu.

Ba na zarginka. Na san abin da kake gani in ka dube shi, fuskarka ce da wata ƙaddarar. Kuma na san kai ne ka cire masa mari, don shi za ka ƙetare ruwa. Amma yana yiwuwa mutum ya ba da rayuwarsa duka ga ciwon ɗan'uwansa alhali ya kasa ɗaga labulen ɗakinsa.

Ranar nan ɗan'uwanka ya daɗe a tsaye a tsakar gida da kwanon. Ina bakin murhu, na ce wataƙila sauri kake kada mota ta tashi. Bai dube ni ba ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwa, "Shi ma ya iya kawar da kai. A wurinki ya koya, Yaya."

Ya juya zai koma ɗaki. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Hassan."

Ka ga, ko a takarda yau ne na fara rubuta shi. Ya tsaya cak. Bai waiwayo wurina ba. Ya dubi rumbu, ya dubi bayan ɗaki, ya dubi saman katanga, irin duban da yake yi in sun zo masa. Sannan ya juyo a hankali ya ce, "Yaya, ke ce kika yi magana, ko su ne?"

Yaro ya kai shekarun da ya kai, ya fi yarda muryar da babu mai ita ta san sunansa a kan uwar da ta haife shi. Na ce ni ce. Ya ce in sake faɗa yana kallon bakina. Na sake. Ya zo ya zauna a kan turmi kusa da ni, ya ɓare ƙwai ɗaya ya miƙo mini, na karɓa na ci. Da Goggo Delu na da rai da ta ce na zubar da mutuncin gida. Allah ya jiƙanta, ya yafe mana baki ɗaya.

Tun ranar nake kiransa, safe da yamma, har maƙwabta sun fara leƙe. Ban ce wannan zai goge kunkunniyar ba, wannan ku za ku bincika, maganinsa ma yana nan yana sha. Amma kullum in wayata ta yi ƙara sai ya saki abin da yake yi ya tsaya yana kallona, in na ce ba kai ba ne ya koma wurin awakinsa. Ni ɗaya ba zan iya cike masa wannan ba.

Ka kira shi kafin ka hau jirgi. Ka kira ta wayar da ake ganin fuska, Kawu Sale zai kawo tasa in ya dawo, tun kafin ranar tashinku, don ya ga bakinka yana motsi ya tabbata kai ne. Ba sai ka yi doguwar magana ba. Ka kira sunansa, ka ce ka ji labarin ƙwan.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ya buɗa maka ilimi mai amfani, ya sa a samu sauƙin wannan ciwo ta hannunku ko ta hannun waɗansu. Ya tsare maka imaninka da hankalinka, ya yi muku albarka kai da Hassan. Ka yafe mini abin da na faɗa da wanda na kasa faɗa da wuri.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ko layi biyu ne, ka ba Kawu Sale ya taho da ita. Muna nan muna jira, mu biyu.

Mahaifiyarku,
Rabi